Jio da kiran waya kyauta: yadda kamfani ɗaya ya juya kasuwar sadarwar Indiya

Duk mai riƙe da wayar hannu a wajenmu ya saba da aljihu biyu: kuɗin kira daban, data daban. Ka sa kati, ka cire wani abu ka sayi data, sauran ka bar shi don kira. Mun saba da wannan rabon har muna ganin kamar haka Allah ya halicci waya. Alhali tsarin ciniki ne kawai, kuma akwai ƙasar da kamfani ɗaya ya rushe shi cikin 'yan watanni. Ƙasar ita ce Indiya, kamfanin kuma Reliance Jio na attajiri Mukesh Ambani.

Galibi idan ana ba da labarin Jio, daga garaɓasar kira da data kyauta ta 2016 ake farawa. A ganina wannan shiga ce ta tsakiyar zance. Tushen abin yana cikin watan Yuni na 2010, a wani gwanjo da mutane ƙalilan suka damu da shi.

Gwanjon da aka raina

Kamfanin waya ba ya aiki sai da zangon iska, wato wani yanki na mitocin rediyo da gwamnati ke ba shi haya na shekaru, kamar yadda ake yanka wa mutum fili ya yi gini. A 2010 gwamnatin Indiya ta yi gwanjo biyu a jere. Na farko na 3G ne, kuma a nan manyan kamfanoni suka yi ta kokawa har farashi ya kai inda babu ɗayansu da ya iya sayen ƙasar baki ɗaya. Indiya an kasa ta shiyyoyin sadarwa 22. Airtel, wanda shi ne babba a lokacin, ya biya kusan rupi biliyan 123 ya samu shiyyoyi 13 kacal.

Gwanjo na biyu na intanet mai sauri ne marar igiya, a zangon megahaz 2300. Manyan sun riga sun gaji, aljihunsu ya yi sauƙi. Sai wani ƙaramin kamfani da kusan babu wanda ya san shi, Infotel Broadband, ya kwashe megahaz 20 a dukkan shiyyoyi 22 a kan kimanin rupi biliyan 128. Ana rufe gwanjon, Reliance Industries, babban kamfanin Mukesh Ambani, ya sanar cewa ya sayi kashi 95 cikin ɗari na Infotel a kan rupi biliyan 48. Kafin wannan da 'yan makonni, a watan Mayu, Mukesh da ƙaninsa Anil suka soke yarjejeniyar da ta hana kowannensu shiga sana'ar ɗan'uwansa, wadda suka ƙulla bayan rabon dukiyar mahaifinsu Dhirubhai. A wancan rabon kamfanin waya na gidan ya faɗa hannun Anil, ko da yake Mukesh ne ya tsaya a kan gina shi tun farko. Ke nan ba baƙo ba ne a harkar; tsohon hannu ne ya dawo.

Akwai abin da ya haɗa mu da wannan watan na Yuni. A cikinsa ne Bharti Airtel ya kammala sayen rassan Zain na Afirka a kan dala biliyan 10.7, ciki har da na Najeriya da Nijar da Chadi da Ghana. Lokacin da allunan Zain ke komawa jan launin Airtel a garuruwanmu, uwar kamfanin a Delhi ta ɗauki bashi mai nauyi a kanta, kuma a daidai lokacin ne wanda zai zame mata ƙarfen ƙafa a gida ya samu filinsa.

Me ya sa aka raina wannan zangon? Dalili biyu. Na farko, mita mai tsawo irin 2300 ba ta tafiya nesa kuma ba ta ratsa bango sosai, don haka sai an kafa turakun sabis da yawa kafin a rufe gari. Na biyu kuma shi ne babba: lasisin da Infotel ke riƙe da shi na sayar da intanet ne, ba ya ba shi ikon yin kiran waya irin na yau da kullum. A kasuwar da mafi yawan kuɗin shiga daga kira yake fitowa, wannan kamar a ba ka rumfa a kasuwa ne a hana ka sayar da abin da jama'a suka zo saye. Har ma ba a tsayar da fasahar da za a yi amfani da ita ba. Wasu na ganin WiMAX ce za ta yi nasara, wasu na cewa LTE, wadda yau muke kira 4G. Kamfanin Qualcomm na Amurka ya shiga gwanjon ya sayi shiyyoyi huɗu musamman don ya ba LTE wurin tsayawa, daga baya ya sayar wa Airtel. Reliance ya zaɓi LTE, kuma lokaci ya nuna ya zaɓa daidai.

Sai 2013 ta zo, gwamnati ta fito da lasisi na bai-ɗaya. Mai lasisin intanet zai iya biyan rupi biliyan 16.58 ya koma kamfanin waya cikakke. Infotel, wanda a farkon shekarar ya sauya suna zuwa Reliance Jio Infocomm, ya biya. An yi ta ce-ce-ku-ce. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya ce an yi wa kamfanin rangwamen da bai dace ba, wata ƙungiya ta kai ƙara, amma a 2016 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar. Ko me mutum zai ce kan adalcin abin, a nan ne kasuwar ta karkata. Da ba a buɗe wannan ƙofa ba, da Jio ya tsaya a matsayin mai sayar da intanet ga gidaje da ofisoshi a birane, kamar sauran ƙananan da suka ci wasu shiyyoyi a gwanjon suka ɓace daga labari.

Shekara shida ana gini

Daga 2010 zuwa 2016 Jio bai sayar wa kowa layi ba. Airtel ya riga shi ƙaddamar da 4G a Kolkata tun Afrilun 2012. 'Yan jarida sun sha rubuta cewa Ambani ya makara. Shi kuwa yana ta binne igiyar fayiba ta dubban ɗaruruwan kilomita, yana kafa turaku da kayan Samsung, yana hayar na wasu. Ya toshe raunin zangonsa ta hanyar sayen zangon megahaz 1800 a gwanjon 2014 da zangon megahaz 800 a na 2015, sannan ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin ƙaninsa don ƙarin zangon 800, wanda shi ne ke shiga cikin ɗaki ya kuma kai ƙauye. Kuɗin da aka zuba kafin buɗewa ya kai wajen rupi tiriliyan 1.5. Babu kamfanin waya da zai iya wannan jiran da kuɗin waya. Abin da ya riƙe Jio shi ne ribar man fetur da sinadarai, musamman matatar Jamnagar da ke jihar Gujarat.

Yanzu ga zuciyar dabarar. Tsofaffin kamfanoni suna tafiyar da hanyoyi uku a lokaci guda: 2G, 3G da 4G. Idan kana kallon bidiyo a 4G kira ya shigo, wayarka za ta sauka zuwa 2G ko 3G ta ɗauki kiran, domin a tsohon tsari ana keɓe wa kowane kira hanyarsa daga farko har ƙarshe. Kowace hanya da injinanta, da wutarta, da ma'aikatanta. Jio bai gina 2G ba, bai gina 3G ba. Hanya ɗaya ya yi, ta intanet zalla, kuma murya tana bi ta cikinta a matsayin ƙananan ƙunshin data, fasahar da ake kira VoLTE. Bambancinta da kiran WhatsApp shi ne kamfanin yana ba ƙunshin muryar fifiko a kan sauran data, kuma lambar waya kake kira kai tsaye. Minti ɗaya na magana ba ya cin ko megabait ɗaya. A hanyar da aka gina don ɗaukar bidiyo, murya kamar ƙullin gishiri ce a bayan tirela. Ga Jio, bayar da ita kyauta bai rage masa komai ba. Ga Airtel da Vodafone da Idea, ita ce abincin gidan.

Su ma sun hango haɗarin, sai dai ta wata ƙofar suka zata zai shigo. A Disamban 2014 Airtel ya sanar cewa zai riƙa cajin kuɗi na daban a kan kiran Skype da Viber da makamantansu, ko da mutum yana da data. Jama'a suka yi ca, cikin kwanaki kaɗan ya janye. Ƙungiyar kamfanonin ta ci gaba da kiran a ɗora wa manhajojin kira dokoki irin nasu. Wato duk ƙarfinsu ya tafi wajen kare kuɗin minti daga manhaja, ba su shirya wa abokin sana'a da zai zo ya ce minti ba shi da kuɗi ba.

Buɗe kasuwa

Ranar 1 ga Satumba 2016, a taron masu hannun jari, Ambani ya sanar cewa kira a Jio kyauta ne zuwa kowane layi a faɗin ƙasar. Aka buɗe ranar 5 ga wata. Har data ma kyauta ce zuwa ƙarshen Disamba, sannan aka tsawaita zuwa 31 ga Maris 2017.

Layukan mutane suka cika ƙofar shagunan Reliance Digital tun da sassafe. Wani abu da ba a cika ambata ba shi ne yadda rajistar ta kasance. Mutum zai faɗi lambarsa ta Aadhaar, wadda ta yi kama da lambar ɗan ƙasa ta wajenmu, ya ɗora yatsa a kan 'yar na'ura mai jan haske, bayanansa su fito, layi ya fara aiki a ranar, maimakon cike takarda da manna hoto da jiran kwanaki. Ba don wannan ba, da takardu kaɗai sun shaƙe kamfanin. Cikin kwana 83 ya tara mutum miliyan 50, cikin kwana 170 ya kai miliyan 100.

Yawancinsu ba su yar da tsohon layinsu ba. Sun sa Jio a rami na biyu na wayar, suna shan data a can, suna karɓar kira a tsohuwar lamba. Tambayar da kowa ke yi ita ce, ranar da aka ce a biya, mutum nawa za su tsaya? Kamfanin ya amsa da rajistar Jio Prime ta rupi 99 da tsare-tsare masu ba da gigabait guda a kullum a farashin da a da ba ya sayen gigabait biyu na wata. Miliyoyi suka biya. A zangon Oktoba zuwa Disamban 2017 kamfanin ya bayyana ribarsa ta farko.

Saura matsalar waya. Talakan Indiya ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa, ita kuwa ba ta san 4G ba. Kamfanin da ba shi da 2G ba shi da hanyar kaiwa gare shi. Sai aka fito da JioPhone a 2017: waya mai madannai amma mai 4G, ka ajiye rupi 1,500 a matsayin jingina, bayan shekara uku ka mayar da wayar a ba ka kuɗinka. Wannan mataki ya burge ni fiye da garaɓasar, domin ya nuna sun gane cewa turke ba ya da amfani idan abin da ke aljihun mutum ba ya jin yarensa.

Yaƙin filashin

Inda labarin ya fi daɗin bibiya shi ne wurin haɗuwar layuka. Idan mai Jio ya kira mai Airtel, kiran sai ya ratsa wata mahaɗa tsakanin kamfanonin biyu, kuma kamfanin mai kira yana biyan na mai karɓa wani abu a kan kowane minti. A 2016 kuɗin paisa 14 ne, paisa ɗari ke yin rupi ɗaya. Tun makonnin farko Jio ya yi kukan cewa tsofaffin sun ƙi buɗe masa isassun mahaɗai, kiran mutanensa yana ta yankewa. Su kuma suka ce ambaliyar kiran kyauta ce ke neman nutsar da su. A Oktoban 2016 hukumar sadarwa ta TRAI ta ba da shawarar a ci Airtel da Vodafone da Idea tarar rupi biliyan 30.5 a haɗe. Shekara guda bayan haka ta sauke kuɗin mahaɗa zuwa paisa 6, ta kuma sa ranar da za a soke shi gaba ɗaya. Wannan ya zabge wa tsofaffin wani babban kaso na kuɗin da suke samu daga Jio kansa.

Amma akwai dabarar da talaka ya sani wadda babu injiniyan da ya tsara ta. Mai ƙaramar waya a layin Airtel yana biyan kuɗin minti, ɗan'uwansa mai Jio ba ya biya. To me zai sa ya ƙona katinsa? Sai ya yi filashin, wancan ya kira shi. Duk wanda ya taɓa zama da kati na naira hamsin ya san wannan lissafin. Sakamakon shi ne kira yana ta fita daga Jio zuwa sauran, kuɗin mahaɗa yana bin sa. Jio ya ce a cikin shekara uku ya biya abokan hamayyarsa kusan rupi biliyan 135 ta wannan hanya. A 2019 ya rage tsawon lokacin da waya ke ringin kafin ta yanke, idan mutuminsa ya kira wani layi, zuwa daƙiƙa 20, don kiran ya katse kafin a ɗauka, wancan ya biyo baya. Airtel ya kai kuka, sannan shi ma ya rage nasa. Sai da TRAI ta shiga tsakani ta tsayar da daƙiƙa 30 ga kowa. Kamfanoni masu jarin biliyoyin daloli suna faɗa a kan 'yan daƙiƙu na ƙarar waya, kuma faɗan na gaske ne, domin a cikin daƙiƙun nan kuɗin yake.

A Oktoban 2019 Jio ya karya alƙawarinsa na farko: ya fara karɓar paisa 6 a minti a kan kiran wasu layuka. Mutane sun ji haushi, kuma suna da gaskiya, domin an ce musu kyauta ne har abada. Ya janye cajin ranar 1 ga Janairu 2021, ranar da kuɗin mahaɗa ya koma sifili.

Waɗanda suka faɗi

Alƙaluman TRAI sun nuna matsakaicin kuɗin gigabait ɗaya ya sauko daga kimanin rupi 269 a 2014 zuwa ƙasa da rupi 12 a 2018. Abin da Airtel ke samu a kan kowane mutum a wata ya faɗo daga kusan rupi 200 zuwa kusan 100. Ƙanana ba su jure ba. Telenor na Norway ya miƙa wa Airtel reshensa ya fice. Tata ma haka ya yi da layukan wayarsa. Aircel ya durƙushe a 2018. Reliance Communications na Anil Ambani ya rufe harkar kira a ƙarshen 2017, daga baya ya faɗa kotun fatara. Vodafone da Idea suka haɗe a Agustan 2018, sai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Oktoban 2019 kan tsohon bashin kuɗin lasisi ya faɗo musu. Yau gwamnati ce ke da kaso mafi girma a Vodafone Idea, kusan kashi 49, bayan ta mayar da bashin da take bin sa hannun jari.

Airtel ya tsira, kuma yadda ya tsira darasi ne na kansa. Ya daina farautar yawan layuka. A ƙarshen 2018 ya sa dokar sai ka sa aƙalla rupi 35 a wata layinka zai ci gaba da aiki, ya bar miliyoyin masu karɓar kira kawai suka tafi. Ya fara VoLTE a Mumbai a 2017, ya kashe 3G ya mayar da zangon ga 4G, ya nemo sabon jari. A 2019 ya sa Airtel Africa a kasuwar hannun jari ta Landan da ta Legas, kuɗin da aka samu ya rage bashi.

Jio kuwa ya zama na ɗaya a yawan layuka zuwa ƙarshen 2019. A 2020 Facebook ya zuba dala biliyan 5.7 a uwar kamfanin, Jio Platforms, Google ya sa dala biliyan 4.5. Kamfanonin da manhajojinsu ke cinye kuɗin kira sun zo sun sayi kaso a bututun da ke ɗauke da su.

Mai karatu zai iya tambaya ko za a iya maimaita wannan a wajenmu. An gwada wani abu mai kama. A Afrilun 2016, watanni kafin Jio ya buɗe, ntel ya fara aiki a Legas da Abuja a kan kadarorin tsohon NITEL, shi ma 4G zalla da VoLTE. Fasaha ɗaya ce, amma bai wuce 'yan birane ba. Ba shi da matatar mai a bayansa, ba shi da wayar rupi 1,500, ba shi da turaku a kowace jiha ranar farko. Mutum ba ya mayar da layi babban layinsa idan sabis zai ɗauke da zarar ya fita gari.

Inda kasuwar ta dosa

Da 'yan kasuwa suka ragu zuwa uku, ban da BSNL na gwamnati, farashi ya fara hawa: Disamban 2019, ƙarshen 2021, sannan Yulin 2024, kuma a wannan karon Jio ne ya fara sanar da ƙarin, sauran suka bi cikin kwana ɗaya ko biyu. Shugaban Airtel, Sunil Mittal, ya daɗe yana cewa sai abin da ake samu a kan mutum ɗaya ya kai rupi 300 a wata kafin harkar ta tsaya da ƙafarta. Har yanzu data a Indiya tana cikin mafi araha a duniya, ban musanta ba, kuma miliyoyin mutanen da suka fara shiga intanet ta wannan hanya sun amfana da gaske. Abin da ke damuna shi ne yanzu babu na huɗu mai ƙarfi da zai ƙi bin ƙarin.

Neman sabon kuɗi ya koma gida, a ma'anar gidan kwana. Bayan fara 5G a Oktoban 2022, Jio da Airtel duka sun fito da AirFiber a 2023: akwati a jikin bango ko kan rufi yana ɗaukar sabis daga turke, yana raba intanet a cikin gida ba tare da an haƙa rami an ja igiya ba. Wannan shi ne ainihin aikin da aka yi gwanjon 2010 dominsa, ya dawo bayan shekara 13. A fagen tauraron ɗan'adam, Jio ya nace a yi gwanjon zangon kamar yadda aka yi musu, gwamnati ta ƙi, kuma a Maris 2025 Airtel da Jio suka sa hannu da Starlink, kwana ɗaya tsakani, don sayar da kayansa. A kan manhajojin kira da bidiyo kuma, Jio yanzu yana layi ɗaya da tsofaffin abokan faɗansa, suna neman manyan kamfanonin intanet su riƙa ba da gudummawa ga kuɗin gina hanya.

Akwai kuma mutumin da lissafin ya tsallake. Tunda kira ya zama kyauta a cikin ƙunshin data, sai ya kasance ba ka samun kira sai ka sayi data. Tsohuwa a ƙauyen Bihar mai ƙaramar waya, wadda ba ta buƙatar komai sai jin muryar ɗanta da ke aiki a Mumbai, dole ta biya kuɗin gigabait ɗin da wayarta ba ta iya buɗewa, kuma kowane ƙarin farashi ya fi yi mata ciwo. TRAI ta ƙiyasta masu amfani da 2G sun kai wajen miliyan 150. A Disamban 2024 ta umarci kowane kamfani ya fito da aƙalla tsari ɗaya na kira da saƙo zalla, babu data. Kamfanonin suka fito da su a Janairun 2025, amma da ragin da bai taka kara ya karya ba, har sai da hukumar ta ce za ta duba farashin, sannan suka ƙara saukewa kaɗan.